Yadda sashe zai jawo ɗaliban digiri na biyu da na uku, ya kuma riƙe su har su kare kundinsu

Ranar da aka ba ni aikin kula da ɗaliban gaba da digiri a sashenmu, abin da aka damƙa mini bai wuce mabuɗin wata kabad ta ƙarfe ba. Na buɗe ta, na kwaso fayil-fayil ɗin da ke ciki na zube a tebur, na ce bari in kasa su gida biyu: waɗanda suka kare kundinsu suka tafi, da waɗanda sunansu yana nan amma ba a san inda suke ba. Kafin la'asar tulin na biyu ya kere na farko. A cikinsa akwai malaman sakandare, akwai ma'aikatan ƙananan hukumomi, akwai malaman kwalejojin ilimi da hutun karatunsu ya ƙare ba su gama ba. Kusan dukkansu sun ci jarrabawar kwasa-kwasan shekarar farko. Bayan nan ne aka daina jin ɗuriyarsu. Ba wanda ya rubuto ya ce ya bari, ba kuma wanda ya neme su.

Tun daga ranar na daina cewa matsalarmu ƙarancin masu neman gurbi ce. Masu nema suna nan, ƙaruwa ma suke yi. Jami'o'i sun yawaita, na tarayya da na jihohi da masu zaman kansu, kowacce tana bukatar malamai masu digiri na uku, kuma malamin kwaleji ya san ƙarin girmansa yana rataye da takarda. Sai dai mutumin da zai sayi fom ba talla yake karantawa ba. Abokin aikinsa yake samu a ofis ko bayan an taso daga Juma'a, ya tambaye shi: "Wai kai shekara nawa ka yi kafin ka gama?" Amsar da aka ba shi ita ce za ta kai shi Zariya ko Kano ko Sakkwato ko Maiduguri, ko ta hana shi zuwa. Shi ya sa na jera matakan nan daga gyaran gida, sannan gayyatar baƙi. Na rubuta su ne domin shugabannin sassa da kodinetoci da malaman da ke duba aikin ɗalibai.

Mataki na farko: ku san waɗanda ke hannunku

Ku buɗe rajista guda ɗaya, a kwamfuta ko a babban littafi mai kauri, duk wanda ya samu. Kowane ɗalibi ya sami layinsa: shekarar da ya shigo, malamin da ke duba aikinsa, matakin da ya kai (yana kan kwas ne, ya kare furofosal, wato tsarin binciken da zai yi, yana tattara bayanai, ko yana jiran mai jarrabawa na waje), ranar da ya ga malaminsa ta ƙarshe, da lambar wayarsa tare da ta wani na kusa da shi. Wannan gurbi na ranar ganawa ta ƙarshe shi ne mafi muhimmanci, domin shi ne zai fara nuna muku wanda ke shirin ɓacewa.

Daga nan ku ɗauki waya ku kira su ɗaya bayan ɗaya. Kada ku tura saƙon bai-ɗaya a zauren WhatsApp, domin wanda kunya ta riga ta kama ba zai amsa a cikin jama'a ba. Cikin waɗanda na fara kira akwai wata malamar sakandare da ke koyarwa a wani gari mai nisan tafiyar awa huɗu. Na yi sallama na ce, "Malama, daga sashe ne." Ta yi shiru na ɗan lokaci, sannan ta ce, "Allah ya gafarta Malam, ai na ɗauka an kore ni." Ashe ta kawo babi na uku, ta dawo har sau uku da goyo a bayanta tana tarar da ofis a kulle. Malamin da ke duba aikinta ya tafi hutun shekara a wata jami'a, ba wanda ya gaya mata, ba kuma wanda ya ba ta wani. Washegari na sami babin a cikin ambulan ruwan ƙasa a ƙarƙashin wasu takardu, ƙurar hunturu ta rufe shi, ko buɗe shi ba a yi ba.

Idan kun gama kiran, ku rarrabe su. Wasu babi ɗaya ya rage musu, wasu kuɗin rajista ne ya tsayar da su, wasu sun saɓa da malaminsu, wasu kuma da gaske sun haƙura. Na ƙarshen a taimaka musu su rufe fayil ɗinsu cikin mutunci. Sauran kowa a rubuta masa abu ɗaya da zai yi cikin wata guda.

Mataki na biyu: ku auna ƙarfinku kafin ku buɗe ƙofa

Adadin ɗaliban da za ku ɗauka ba daga yawan masu sayen fom zai fito ba, daga yawan masu duba aiki zai fito. Ku zauna ku lissafa malaman da ƙa'idar jami'arku ta yarda su duba kundin digiri na biyu da na uku, ku cire masu shirin ritaya da masu tafiya hutun shekara da waɗanda aka ba manyan muƙamai har ba sa samun zama. Sannan ku dubi ɗaliban da ke wuyan kowane ɗaya a yanzu. Abin da ya rage shi ne guraben da kuke da su.

Na san matsin da ake samu. Kuɗin ɗaliban gaba da digiri na cikin abin da jami'a ke dogaro da shi wajen kuɗin shiga, kuma kowace shekara akwai manyan mutane da za su aiko da sunaye. Amma malamin da aka jibga wa ɗalibai ashirin, ga darussan 'yan digirin farko, ga tarurrukan kwamitoci, ba zai karanta aikin kowa da kyau ba. Shugaban sashe ya tafi taron hukumar makarantar gaba da digiri da wannan lissafi a rubuce. Takarda mai alƙaluma ta fi ƙorafin baki nauyi a wurin taro.

Mataki na uku: ku je inda ɗaliban suke

Ɗalibanku na gobe mafi yawansu ma'aikata ne masu iyali, kuma an san wuraren da suke. Ku fara da naku: waɗanda suka fita da sakamako mai kyau a digirin farko, a yi musu magana tun suna aji huɗu, a riƙe lambobinsu, a sake tuntuɓarsu idan sun kusa gama bautar ƙasa. Sannan kwalejojin ilimi da na kimiyya da fasaha da ke kewaye da ku. Asusun tallafa wa manyan makarantu na TETFund, wanda dokar 2011 ta kafa a madadin tsohon asusun ilimi na ETF, yana ɗaukar nauyin karatun digiri na biyu da na uku na malaman manyan makarantun gwamnati, kuma daga farkon 2025 ya dakatar da tura su ƙasashen waje. Ke nan malaman da a da suke hangen Malesiya ko Ingila yanzu gurbi suke nema a cikin gida. Ku rubuta wa shugabannin waɗannan kwalejoji, ko ma ku je da kanku, zuwa da kai ya fi aike. Haka ma ma'aikatun jihohi da asibitoci da hukumomin bunƙasa aikin gona, gwargwadon fanninku.

Abin da za ku faɗa musu ya zama takamaimai. Kowace jami'a tana cewa ita ce kan gaba, wannan ba ya motsa kowa. Ku fitar da takarda mai shafi ɗaya da ke ɗauke da sunayen malamanku da fannin da kowa ke bincike a kai, da ranakun da ake darasi, da jimillar kuɗin da mutum zai kashe daga fom har ɗaure kundi, da tsawon lokacin da ɗalibanku na baya-bayan nan suka ɗauka. Idan kuna da wani abin da ba kowa ke da shi ba, ku ambace shi: mai nazarin tarihi zai so ya ji kuna da alaƙa da Gidan Arewa da ma'adanar takardun tarihi ta ƙasa da ke Kaduna, mai aikin gona zai so ya ji labarin filayen gwaji na cibiyar binciken aikin gona ta IAR da ke Samaru ko ofisoshin cibiyoyin binciken noma na ƙasa da ƙasa, IITA da ICRISAT, na Kano.

Kada ku manta da maƙwabta. Maraɗi ta fi kusa da Katsina a kan garuruwan Nijeriya da yawa. Ɗaliban Nijar da Chadi da Kamaru suna zuwa da takardun tsarin Faransanci na lisans da masta da daktora, kuma abin da ke korarsu yawanci rashin wanda zai yi musu bayanin daidaita takardu ne da kuma tsoron Turanci. Cibiyoyin da Bankin Duniya ya fara tallafawa a 2014, irin su Cibiyar Nazarin Noma a Busassun Yankuna ta Jami'ar Bayero, an ɗora musu sharaɗin ɗauko ɗalibai daga wasu ƙasashen Afirka, kuma sun nuna abin yana yiwuwa. Ko sashe ba shi da irin kuɗinsu, zai iya ware malami ɗaya da zai riƙa amsa tambayoyin waɗannan baƙi, ya kuma shirya musu darasin Turancin rubutu a zangon farko.

Wani abu ƙarami da ke zubar da masu nema da yawa shi ne jiran takardar cikakken sakamako daga tsohuwar makarantarsu. Idan ƙa'ida ta ba da dama, a ba mutum gurbi na wucin gadi tare da wa'adin kawo ta. A kuma sa lambar waya ɗaya a kan talla wadda da gaske ake ɗauka.

Mataki na huɗu: tantancewa da makon farko

Ko da akwai jarrabawar shiga, ku zauna da mai nema na minti goma. Ku tambaye shi abin da yake son bincika da dalilinsa, ko wurin aikinsa ya sake shi, da wanda zai biya kuɗin. Ba don a kore shi ake tambayar ba, don a san inda za a tallafe shi ne. Mai neman digiri na uku kuwa kada a ɗauke shi sai an sami malamin da ya karanta ɗan taƙaitaccen tsarin bincikensa ya ce ya karɓa.

A makon farko ku tara su rana guda. Ku ba kowa jadawalin tafiyar gaba ɗaya a rubuce: watan da za a amince da take, watan kare furofosal, watan semina, watan kare kundi na cikin gida, da iyakar shekarun da jami'a ta yarda mutum ya yi. Ku nuna musu yadda ake biyan kuɗi da sabunta rajista kowace shekara, domin da yawa suna zaton da an gama kwas an gama biya, sai ranar kare kundi a lissafa musu bashin shekara uku. Ku gayyato mutum biyu da suka gama kwanan nan su faɗa musu gaskiyar abin da ke gaba, malamai su fita su bar su su yi hira.

Mataki na biyar: shekarar kwas

Ku tsara darussa da sanin cewa ɗalibanku daga nesa suke zuwa. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin mota ya zama babban kaso na kuɗin karatu. A tattara darussa a kwana biyu ko uku a jere, a manne wa jadawalin. Malamin da ba zai samu zuwa ba ya sanar tun daren jiya, kafin mutum ya shiga tasha da asuba.

Kada a jira a gama kwas kafin a raba masu duba aiki. A raba su tun zango na farko, kuma darasin dabarun bincike ya ƙare da daftarin furofosal na gaske a hannun kowane ɗalibi. Muddin suna zuwa aji suna da abokai da jadawali da wanda zai tambaye su. Ranar da aka rubuta jarrabawar ƙarshe duk wannan ya watse, kowa ya koma garinsu shi kaɗai. Wanda ya tafi da take da furofosal yana da abin riƙewa. Wanda ya tafi hannu rabbana shi ne za ku tarar a kabad bayan shekara uku.

Mataki na shida: duba aiki

A nan ne ake rasa mafi yawan ɗalibai, don haka a nan zan daɗe.

Ku fara da yarjejeniya a rubuce tsakanin malami da ɗalibi, shafi ɗaya, su sa hannu, kodineta ya ajiye kwafi. Ta ƙunshi sau nawa za su riƙa ganawa (sau ɗaya a wata shi ne mafi ƙaranci, ko da ta waya ce), da kwanakin da malami zai ɗauka kafin ya mayar da babi, da lokacin da ɗalibi zai dawo da gyara, da yadda za a jera sunaye idan an buga muƙala daga aikin. A ganina mako uku ya ishi malami ya karanta babi ɗaya. Wasu abokan aiki za su ce wannan raini ne, wai ɗalibi ne zai sa musu wa'adi. Ba ɗalibi ba ne ya sa, sashe ne, kuma shugaban sashe shi zai fara sa hannu a kan tasa.

Dalilin da ya sa takardar ke da amfani a wurinmu musamman shi ne tarbiyyarmu. An raine mu a kan cewa ɗalibi ba ya ɗaga wa malaminsa murya, ba ya ma tuna masa alkawari. Mutum mai shekara arba'in da 'ya'ya shida zai tsaya a bakin ofis yana jiran a ce ya shigo, a ce masa "ka dawo wani makon", ya ce "to, ranka ya daɗe, na gode", ya juya ya kama hanyar awa huɗu. Wannan ladabi abu ne mai kyau, amma yana nufin ɗalibi ba zai taɓa kai ƙara ba. Dole tsarin ne zai yi magana a madadinsa. Don haka duk babin da aka kawo ya bi ta ofishin sashe a rubuta ranar shigarsa da ranar fitarsa, ko a turo ta imel a sa kodineta a ciki. Ƙarshen kowane wata kodineta ya duba rajista. Babin da ya haura wa'adi, ya je ya sami malamin a ofis, su biyu, ya tambaye shi cikin girmamawa. Yawanci ba mugunta ba ce, aiki ne ya yi yawa, kuma tunatarwa ɗaya ta isa.

Game da gyaran kansa: malami ya bambanta babban gyara da ƙarami. Ɗalibin da aka mayar wa babi cike da jan biro a kan waƙafi da aya, alhali ba a ce komai a kan ko tambayar binciken ta tsaya ba, zai gyara waƙafin ya dawo, sai a zagaye na uku a ce masa ya sake tsari gaba ɗaya. Nan gwiwa take yin sanyi. A fara da ginshiƙi: mece ce tambayar, ta wace hanya za a amsa ta, bayanan da za a tattara za su isa? Harshe ya biyo baya. Idan malamai biyu ne ke duba aiki ɗaya, su zauna tare da ɗalibin aƙalla sau ɗaya a zango, domin kada wannan ya ce a cire, wancan ya ce a mayar, ɗalibi ya rasa na bi.

A tanadi hanyar sauya mai duba aiki ba tare da an tozarta kowa ba. Duk malamin da zai tafi hutun shekara ko ya karɓi muƙami a waje, kafin a sa hannu a takardarsa ya kawo jerin ɗalibansa da sunan wanda zai riƙe kowanne.

Akwai kuma abin da ba a son faɗa. Malamin da ke jiran buhun shinkafa ko kuɗin mai kafin ya buɗe babi, da wanda ke aiken ɗalibi hidimar gidansa, da wanda ke neman ɗaliba da lalata yana riƙe da aikinta, duk suna nan, kuma ɗalibai sun san su tun kafin hukuma ta sani. Sashe ya faɗa a fili tun makon farko cewa ba a biyan malami komai a kan duba aiki. Ganawa ta kasance a ofis, a lokacin aiki. A ware malama mace babba wadda ɗalibai mata za su iya samu a asirce, kuma idan magana ta zo a bi ta har ƙarshe. Rufa-rufa ɗaya ta isa ta hana mazaje da iyaye da yawa barin matansu da 'ya'yansu su zo sashenku.

Mataki na bakwai: kuɗi da kayan aiki

Sashe ba shi da kuɗin raba wa ɗalibai, amma yana iya rage musu kashewa. A karɓi daftari ta imel maimakon a sa mutum ya buga shafi ɗari sau biyar. A hana al'adar sa ɗalibi ya kawo abinci da lemo ranar semina. A roƙi hukuma ta yarda a biya kuɗin makaranta kashi biyu. Malamin da ya sami tallafin bincike, daga TETFund ko daga waje, ya saka ɗalibansa a cikin aikin, kuɗin zuwa fili da na sinadarai su fito daga nan.

Mutum ɗaya a sashe ya ɗauki nauyin bibiyar tallafin karatu yana sanarwa da wuri: na PTDF ga masu fannonin da suka shafi man fetur da makamashi, na DAAD ta Jamus mai tallafa wa masu karatu a cikin Afirka, na OWSD ga mata masu digiri na uku a kimiyya, da na hukumomin tallafin karatu na jihohi. Sanarwa kaɗai ba ta isa ba, a zauna da su a cike fom ɗin tare, malamai kuma su rubuta takardar shaida a kan lokaci.

Ɗaki ɗaya mai tebura da fanka da wutar sola da intanet, wanda aka ce na ɗaliban gaba da digiri ne, yana yin aikin da ba a zato. Idan da hali a sami wani lungu mai labule da tabarma inda mai goyo za ta shayar.

Mataki na takwas: rubutu

Da yawa daga ɗalibanmu sun san abin da suke son faɗa, rubuta shi da Turancin ilimi ne ke ba su wuya, kuma suna jin nauyin faɗa. Wannan tsoro ne ke tura mutum ya kwafo aikin wani ko ya biya a rubuta masa. Kafin ku tsoratar da su da Turnitin, manhajar da ke gano kwafen aikin wani, ku koya musu yadda ake karanta muƙala a taƙaita ta da kalmomin kai, da yadda ake kafa hujja da madogara. Ku nuna musu Zotero, kyauta ce, tana tsara manazarta. Ku nuna musu shafukan neman muƙalu irin su Google Scholar da AJOL da DOAJ, ku kai su wurin ma'aikacin laburare ya buɗe musu rumbunan da jami'a ke biya. Ku kuma yi musu bayani a fili kan abin da aka yarda da wanda ba a yarda ba wajen amfani da manhajojin ƙirƙirarriyar basira, domin suna amfani da su ko an faɗa ko ba a faɗa ba, kuma waɗannan manhajoji suna ƙago sunayen littattafan da babu su.

Abin da na ga ya fi aiki shi ne zaman rubutu na wata-wata. Asabar ɗaya, daga tara zuwa azahar, kowa ya zo da kwamfutarsa ko littafinsa, a kashe waya, a yi rubutu. A farko kowa ya faɗi abin da zai rubuta, a ƙarshe ya faɗi inda ya kai. Malami ɗaya ya zauna a gefe domin mai tambaya. Ba ya cin ko sisi, kuma yana mayar musu da abokan da suka rasa bayan kwas.

Inda jami'a ta shar'anta buga muƙala kafin kare kundi, ku ba su jerin mujallun da sashe ya amince da su tun da wuri, kada su faɗa hannun masu karɓar kuɗi su buga komai cikin kwana uku.

Mataki na tara: idan tafiya ta tsaya

Yajin aikin ASUU na 2020 ya kai kusan wata tara, na 2022 kuma ya ɗauki wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Ɗalibin da ke kan hutun karatu wa'adinsa tafiya yake yi ko jami'a na rufe. Da an dawo, sashe ya rubuta wa wuraren aikinsu takardar da ke bayyana watannin da aka rasa, ya kuma nemi kada a lissafa su a cikin iyakar shekarun ɗalibi.

Haihuwa da rashin lafiya da rasuwa da sauyin wurin aiki za su zo. Ku sanar da kowa cewa akwai jingine karatu a hukumance, ku sauƙaƙa fom ɗinsa, ku rubuta ranar dawowa. Idan ranar ta matso, ku ne za ku kira.

Mataki na goma: daga kare kundi zuwa takardar shaida

Kada ɗalibi ya gama nasa sannan ya zauna shekara yana jiran naku. Ku aika sunayen masu jarrabawa na waje domin amincewa tun ana shirin karewar cikin gida. Ku ware lokuta biyu ko uku a shekara na kare kundi, kowa ya san su. Kuɗin mai jarrabawa da masaukinsa haƙƙin jami'a ne, kada a ɗora wa ɗalibi ta bayan fage. Kafin ranar, a yi masa gwaji a gaban abokansa, a jefa masa tambayoyin da ake tsammani.

Bayan an kare, mutane da yawa suna sakin jiki, gyaran mako biyu ya koma na shekara. A ba shi jerin gyare-gyaren a rubuce a ranar, da wa'adi, da sunan malamin da zai tabbatar an yi. Kodineta ya bi sakamakon daga sashe zuwa tsangaya, zuwa makarantar gaba da digiri, har majalisar jami'a ta amince, yana sanar da ɗalibin duk inda aka kai. Fayil ba ya tafiya da kansa daga ofis zuwa ofis, sai an bi shi da ƙafa.

Sannan ku riƙe lambarsa. Malamar nan da na kira ta kare kundinta bayan an ba ta wani mai duba aiki. Da muka tara sababbin ɗalibai a shekarar da ta biyo, ita na gayyata ta yi musu magana. Ta zo da yaron nan da take goyo, yana tafiya da ƙafarsa, ta zo kuma da malamai biyu daga makarantarsu da ke son sanin ranar da za a fara sayar da fom.